Kotun da Ta Haɗa Wa'adi da Taimako: Bitar Rahoton Harwin

A Ingila, idan ƙaramar hukuma ta ga yaro na cikin haɗari a hannun iyayensa, tana da ikon garzayawa kotun iyali ta nemi a ɗauke shi. Dokar Yara ta 1989 ce ta ba ta wannan iko, bisa sharaɗin ta gamsar da alƙali cewa yaron na cutuwa cuta mai tsanani, ko kuwa yana dab da cutuwa. Abin da kan biyo baya ba ƙarami ba ne. Ko dai a miƙa yaron ga dangi, ko ga masu riƙo da hukuma ke biya, ko kuma a yanke alaƙarsa da mahaifansa a doka, ya koma ɗan wasu har abada. Da yawa daga cikin waɗannan ƙararraki tushensu guda ne: uwa ko uba, ko su biyun, sun nutse cikin giya ko ƙwaya. Wani bincike da Donald Forrester da Judith Harwin suka yi a Landan ya tarar da wannan matsala a wajen kashi 60 cikin 100 na ƙararrakin da suka duba.

Rahoton da ke gabanmu, Changing Lifestyles, Keeping Children Safe, ya fito ne a 2014 daga Jami'ar Brunel da ke Landan. Farfesa Judith Harwin ce ta jagoranci aikin tare da Bachar Alrouh da Mary Ryan da Jo Tunnard, Gidauniyar Nuffield kuma ta ɗauki nauyinsa. Abin da suka auna shi ne kotun farko da aka keɓe a Ingila domin iyaye masu shaye-shaye da ake neman raba su da 'ya'yansu, wadda aka fi sani da FDAC. Ba littafin hira ba ne; jadawalai da alƙaluma sun cika shi. Amma wanda ya daure ya bi shi zai tarar ana ƙoƙarin amsa tambayar da ke damun duk mai aiki da iyalai: shin za a iya tsaya wa yaro ba tare da an mai da uwarsa abokiyar gaba ba? Amsar rahoton ita ce za a iya, sai dai ba da sassauci ake yi ba. Da gaskiya ake yi, da dagewa, da kuma fuskokin da ba sa canzawa. A ganina wannan ne ya sa har yanzu yake da daraja, fiye da alƙaluman da aka fi yawan ambato daga cikinsa.

Mafarin kotun

Alƙali Nicholas Crichton ne ya yi tsayin daka har aka kafa FDAC. Ya daɗe yana zaman shari'ar iyali a kotun da ke titin Wells a tsakiyar Landan, ya kuma gaji da ganin abu guda na maimaituwa. A ƙwace jariri, uwa ta fita da kuka, babu wanda ya taɓa ciwon da ya kawo ta, bayan shekara guda ta dawo da wani cikin. Ya sha ba da labarin cewa shi da kansa ya taɓa ɗauke ɗa na goma sha huɗu daga uwa ɗaya. Daga baya binciken Farfesa Karen Broadhurst ta Jami'ar Lancaster ya tabbatar da abin da alƙalin ke gani da ido: kusan ɗaya cikin huɗu na matan da aka gurfanar kan riƙon yara sukan sake dawowa kotu cikin shekara bakwai.

Yadda aka saba tafiyar da shari'ar ma yana da nasa laifin. Hukuma da lauyanta, uwa da nata, uba da nasa, yaro da wakilin da kotu ta naɗa masa. A ɗauko ƙwararren likita daga waje ya ga uwar sau ɗaya ko biyu, ya rubuta rahoto mai tsada cewa tana bukatar magani. Amma nemo maganin ya rage nata, ga jerin masu jira, ga ofisoshin da ba sa magana da juna. Yau wannan alƙali, gobe wancan. Ita kuwa tana zaune a baya, ana magana a kanta ba a magana da ita. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda ya kamata ta zama mai taimako, ita ce ke tattara hujjar da za a kafa mata. To wace uwa ce za ta gaya wa irin wannan ma'aikaciya cewa jiya ta koma ruwa?

Crichton ya ga wata hanya a Amurka, inda aka fara kotun 'yan ƙwaya a Mayami a 1989, sannan aka faɗaɗa tunanin zuwa shari'ar iyali a shekarun 1990. Ya dawo ya yi ta bin ma'aikatun gwamnati har aka samu kuɗi. A watan Janairun 2008 FDAC ta fara zama, da ƙananan hukumomi uku: Camden da Islington da Westminster. Asibitin Tavistock and Portman da ƙungiyar kula da yara ta Coram su suka samar da tawagar ƙwararrun da ke aiki da kotun.

Yadda ake zama

Babin da ya bayyana tsarin kotun na daga cikin mafi daɗin karatu a rahoton, don an shimfiɗa shi daki-daki yadda mai son kwaikwayo zai gane. Shari'ar dai shari'ar riƙon yara ce, dokar ba ta canza ba, ikon ƙwace yaro yana nan daram a hannun alƙali. Abubuwa huɗu ne suka bambanta.

Na farko, alƙali ɗaya ke riƙe shari'ar tun daga farko har ƙarshe. Na biyu, akwai tawagar ƙwararru mai zaman kanta, ba ta ƙaramar hukuma ba: ma'aikatan jin daɗin jama'a, da masu aikin raba mutane da shaye-shaye, da ma'aikatan jinya, da likitocin ƙwaƙwalwa. Suna haɗuwa da iyaye tun ranar farko a harabar kotu, su yi musu bincike cikin 'yan makonni, sannan a zauna da iyayen da ma'aikaciyar hukuma a tsara abin da za a yi. Na uku, duk bayan mako biyu uwa ko uba kan zo gaban alƙali ba tare da lauyoyi ba, a duba abin da aka cim ma da abin da ya gagara. Duk wata takaddama ta doka ana ajiye ta sai zaman da lauyoyi ke nan. Na huɗu, akwai iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali suka fita, waɗanda ke zuwa da sa kai su riƙe hannun sabbi.

Shiga FDAC zaɓi ne. Wanda bai so ba sai a kai shari'arsa kotun da aka saba. Wanda ya shiga kuwa ya amince da gwaji a kai a kai, na fitsari da na numfashi da na silin gashi. Ana ba shi lokacin gwada canji, amma lokacin yana da iyaka, kuma bukatar yaron ce ke yanke iyakar. Jariri ɗan wata uku ba zai jira shekara uku ba kafin a san inda zai girma.

Abin da aka ƙidaya

Masu binciken sun bi iyalai 90 da suka bi ta FDAC, suka kwatanta su da iyalai 101 daga wasu ƙananan hukumomin Landan da aka yi wa shari'a yadda aka saba, dukkansu kan matsalar shaye-shaye. A ƙarshen shari'a, kashi 40 cikin 100 na iyaye matan FDAC sun daina shaye-shaye. A ɗaya rukunin kashi 25 ne. A wajen maza tazarar ta fi haka: kashi 25 da kashi 5. Matan da suka daina kuma aka mayar musu da 'ya'yansu sun kai kashi 35 a FDAC, a ɗaya ɓangaren kashi 19. Bayan shekara guda da komawar yara gida, an sake samun sakaci ko cutarwa a kashi 25 na iyalan FDAC, a sauran kuwa kashi 56.

Akwai wani adadi da ba a cika ambato ba, alhali shi ke bayyana sauran. Kashi 95 na matan FDAC an haɗa su da wuraren da ke taimaka wa masu shaye-shaye. A kotun da aka saba kashi 55 kawai. Ma'ana, kusan rabin matan da aka gurfanar saboda shaye-shaye a tsohon tsari, an yanke musu hukunci ba tare da an ko miƙa musu maganin ba. Wannan ya isa ya sa mai karatu ya dakata ya yi tunani.

Inda rahoton ya fi burge ni shi ne inda ya ƙi yi wa kotun kwalliya. Rahoton da masu binciken suka fitar a 2011 ya nuna alamar cewa FDAC ta fi saurin samar wa yaro matsuguni na dindindin idan iyaye suka kasa. Da aka ƙara yawan iyalan da aka bi, sai alamar ta ɓace, kuma marubutan suka faɗi haka ƙarara, duk da cewa saurin yanke makomar yaro na cikin manyan burin kotun. Haka suka nuna cewa shirin iyaye masu sa kai bai bunƙasa yadda aka yi fata ba. Suka kuma bar alƙaluma suka faɗi abin da masu tallata kotun ba sa son nanatawa: ko a FDAC ɗin, mafi yawan mata ba su koma gida da 'ya'yansu ba. Idan 35 suka samu, 65 ba su samu ba. Masu bincike da suka yi shekaru tare da wani shiri sukan shaƙu da shi har su riƙa kau da kai daga aibinsa. Harwin da abokanta ba su yi haka ba, shi ya sa ake yarda da su a inda suka yaba.

Aiki da iyaye

Zuciyar rahoton tana cikin surorin da aka saurari iyaye da ma'aikata da lauyoyi, aka kuma zauna a kotu aka kalli yadda zama ke gudana. A nan ne mai karatu ke gane cewa ba wani sabon magani FDAC ta ƙirƙiro ba. Abin da ta canza shi ne matsayin mai taimako a idon wanda ake taimaka wa.

A tsohon tsari uwa na ɓoye gaskiya saboda gaskiyar makami ce a hannun hukuma. A FDAC an mai da ɓoyon marar amfani, tunda gwaji zai tona, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Amma an kuma rage tsadar faɗin gaskiyar. Wadda ta koma ruwa sau ɗaya ba a rufe fayil ɗinta nan take. Ana zama a duba me ya jawo, wa ta haɗu da shi, me za a sauya a shirin. Ma'aikacin tawagar kotu da aka ɗora wa alhakin iyalin yana ganinta a kai a kai, yana buga waya ya sama mata gurbi a asibiti, yana bin maganar muhalli, yana kuma gaya mata tun da wuri abin da zai rubuta wa alƙali. Babu rahoton da zai faɗo mata kwatsam ranar yanke hukunci. Gaskiya ɗaci gare ta, amma wadda aka ji tun ana da damar gyara daban take da wadda aka ji bayan an gama.

Iyayen da aka tattauna da su sun yi ta komawa kan abubuwa kaɗan. Alƙali ya san su, ya san sunan 'ya'yansu, yana tuna abin da aka yi alkawari makonni biyu da suka wuce. Yana yaba musu idan sun yi ƙoƙari, yana faɗa musu kai tsaye idan sun yi sake. Ga mutumin da ya saba a kira shi ɗan maye, yabo daga bakin alƙali ba ƙaramin abu ba ne; da yawa ba su taɓa jin wani mai iko ya ce musu sun kyauta ba. Waɗanda suka taɓa bi ta kotun da aka saba su suka fi ganin bambancin.

Zaman mako biyu ɗin nan yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Ba iyaye kaɗai ake tuhuma a cikinsa ba. Idan hukuma ta yi alkawarin shirya ziyarar yaro ba ta yi ba, ko asibiti ya jinkirta, alƙali zai tambaya, kuma zai sake tambaya bayan kwana goma sha huɗu. Da wuya matalauci ya ga ranar da ofis ke amsa tambaya a gabansa kan alkawarin da aka yi masa. Wannan na daga cikin abin da ke sa iyaye su yarda cewa shari'ar ba shiri ba ce.

Raba aiki tsakanin tawagar kotu da ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ma dabara ce. Ma'aikaciyar hukuma ita ke da alhakin yaron, ita ta kawo ƙara, don haka da wuya uwa ta sake da ita. Tawagar kotu ba ita ta kawo ƙara ba, ba ta da tsohuwar gaba da iyalin, shi ya sa take iya shiga inda waccan ba za ta iya ba. Kuma da tafiya ta yi nisa, rahoton ya nuna ƙiyayyar kan ragu, a riƙa magana da juna maimakon ta bakin lauyoyi.

Sai kuma waɗanda suka rasa. A nan ne, a ganina, aka fi gane ingancin tsarin. Uwar da aka ba magani da lokaci da goyon baya, aka gaya mata gaskiya a kowane mataki, sannan ta kasa, tana barin kotu da ciwo, amma ta san dalilin hukuncin. Shaidar da alƙali ya dogara da ita ba hasashen likitan da ya gan ta sau ɗaya ba ce. Abin da aka gani da ido ne tsawon watanni. Wasu daga cikin irin waɗannan iyaye kan amince da kansu cewa yaron ya zauna wurin kaka ko inna. Wannan ya fi alheri ga yaron, wanda wata rana zai girma ya tambayi yadda aka yi.

Inda rahoton ya rage

Yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Da farko, ba ta hanyar ƙuri'a aka raba iyalan zuwa rukuni biyu ba. An kwatanta unguwanni da unguwanni ne, kuma shiga FDAC da yardar iyaye ake yi. Mai yiwuwa waɗanda suka yarda su ne dama suka fi shirin canzawa. Marubutan sun yi ƙoƙarin nuna cewa rukunonin sun yi kama da juna, sun kuma ja hankalin mai karatu kan iyakar abin da suka gano, amma tazarar na nan. Na biyu, adadin nan mai ɗaukar hankali, kashi 25 da kashi 56, ya fito ne daga iyalai 24 da iyalai 18. Iyali shida ke nan a gefe guda, goma a ɗaya gefen. Da biyu ko uku sun sauya, da hoton ya sauya. Laifin ba na marubutan ba ne, na masu ɗaukar kason su yi ta yawo da shi ne ba tare da faɗin yawan mutanen ba.

Na uku, rahoton ya nuna cewa tsarin na aiki amma bai iya ware wane sashe ne ke aikin ba. Alƙalin ne? Tawagar ce? Ko kuwa saurin samun magani kawai? Tambayar na da nauyi ga duk hukumar da ba ta da kuɗin ɗaukar komai gaba ɗaya. Haka nan akwai tasirin mutum guda. Crichton mutum ne mai kwarjini da kishin abin da ya kafa, kuma binciken na shekarun farko ne, lokacin da kowa ke cike da zumuɗi.

Na huɗu, kuma wanda ya fi damuna: ga mai son koyon sana'ar kanta, rahoton ya fi bayyana tsari fiye da aiki. Mun san sau nawa ake haɗuwa, mun san iyaye sun ji daɗi. Amma me ma'aikaci ke cewa a ɗaki idan gwaji ya nuna hodar ibilis, uwa kuma ta rantse ba ta sha ba? Yaya yake riƙe amana da matar da ya san mako mai zuwa zai ba da shawarar a ɗauke ɗanta? Wannan gwaninta ita ce jarin FDAC, kuma an taɓa ta ne sama-sama. Ita ma ma'aikaciyar ƙaramar hukuma an ji ra'ayinta, amma ba a bi ta an ga yadda take ji ba idan wata tawaga ta samu lokaci da kayan aikin da ita ba ta da su, alhali ita za a bar wa iyalin idan kotu ta tashi.

Maza sun fito a alƙaluma amma ba su fito sosai a labari ba. Kusan komai a kan uwa aka auna shi. Yaran kuwa, waɗanda dominsu ake komai, ta cikin fayil muke ganinsu. Sannan talauci. Rahoton ya ambaci matsalar gida da rashin aiki da duka a gidan aure, amma ya ɗauke su a matsayin yanayi, shaye-shaye kuma a matsayin cutar. Binciken da Farfesa Paul Bywaters ya jagoranta daga baya ya nuna cewa yaran unguwannin da suka fi talauci a Ingila sun ninka na unguwannin masu hali wajen sau goma a yiwuwar shiga hannun hukuma. Masu kuɗi ma suna shan giya da ƙwaya. Ba su ake gurfanarwa ba. Kotu mai kirki ba ta goge wannan.

Akwai kuma tambayar yarda. Wadda aka ce mata ko ta shiga shiri ko ta fuskanci kotun da ba a cika fita da yaro ba, yaya girman zaɓinta? Kuma zama gaban alƙali babu lauya, ko da an killace shi da ƙa'idoji, yana bukatar alƙali mai kame kai. Rahoton ya kawo damuwar da wasu lauyoyi suka nuna da farko da yadda ta lafa, amma na so a ce ya ƙara tsayawa a kan wannan.

Bayan rahoton

Shawarar da marubutan suka fi nanatawa ita ce kada a saki iyali da zarar an rufe shari'a. Lokacin da yaro ya dawo gida shi ne lokacin da nauyi ya fi yawa, kuma a daidai lokacin ne tawagar ke janyewa. Sun nemi a samar da tallafi na bayan shari'a. Binciken da Harwin ta sake jagoranta a 2016, daga Jami'ar Lancaster, ya ƙarfafa hujjarsu ta fuska biyu: an ƙiyasta cewa kashi 58 na matan FDAC da aka mayar wa yara sun ɗore ba su koma shaye-shaye ba tsawon shekara biyar, a ɗaya rukunin kashi 24. Nasara ce babba, amma ta kuma nuna cewa fiye da kashi 40 sun sake zamewa.

A shekarar da rahoton ya fito ne aka kafa dokar da ta taƙaita shari'ar riƙon yara zuwa mako 26. Wata shida bai isa a tabbatar da cewa mutum ya rabu da abin da ya yi shekara goma yana sha ba. Sir James Munby, shugaban sashen iyali na babbar kotu a lokacin, ya fito fili ya ce bai kamata wannan wa'adi ya kashe FDAC ba, kuma ana iya ƙara lokaci inda akwai alamar canji ta gaske. Cibiyar Centre for Justice Innovation ta ƙiyasta a 2016 cewa duk fam ɗaya da aka kashe a FDAC ta Landan yana tanada wa gwamnati fam 2.30. Duk da haka, a 2018 ofishin da ke kula da yaɗa kotun a faɗin ƙasa ya rufe saboda rashin kuɗi, a shekarar da Crichton ya rasu. An sake samun tallafi daga baya, kotunan suka ƙaru a sassan Ingila, amma har yanzu samun FDAC ya danganta da inda mutum yake zaune. Hujja mai kyau ba ita kaɗai ke raya shiri ba.

Me ya shafe mu?

Ba na ganin hikimar ɗauko FDAC a dasa ta a Kano ko Maraɗi yadda take. A wurinmu ba hukuma ke fara ɗauke yaro ba, dangi ne. Idan uwa ta faɗa shaye-shaye, sau da yawa aure ke mutuwa, kaka ko goggo ta karɓi yara, fikihun Malikiyya kuma ya jera waɗanda riƙo ke komawa hannunsu. Wannan gata ne da yaran Landan da yawa ba su da shi. Amma matsalar kanta ba baƙuwa ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya miliyan 14.3, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin bayan fim ɗin BBC da ya nuna ɓarnarsa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi kotunan iyali, muna kuma da tsohuwar al'adar sulhu a kotunan shari'a da fadojin hakimai.

Abin da muke rasawa shi ne abin da rahoton ya fi fitowa da shi. Mukan tsirar da yara mu watsar da uwar, ko mu ɓoye ta don gudun abin kunya, ko a kai ta gidan mari. Sulhunmu yawanci zama ɗaya ne: a yi nasiha, a yi addu'a, a watse. Babu mai cewa ku dawo bayan mako biyu, babu mai bin sawun ko an kai ta asibiti, babu wa'adin da kowa ya sani. Waɗannan ba sa bukatar kasafin Landan.

Don haka nake ganin alƙalan kotunan iyali da na shari'a, da jami'an jin daɗin jama'a, da malaman da ke koyar da su, za su amfana da wannan rahoto. Su karanta alƙalumansa da taka-tsantsan irin wanda marubutan suka nema, su kuma fi daɗewa a kan surorin da iyaye suka yi magana. Hujjarsa ba ta kai a ce FDAC ta warware matsalar ba, kuma bai yi iƙirarin haka ba. Amma ta kai a ce duk kotun da za ta raba uwa da ɗanta saboda shaye-shaye, ba tare da ta fara ba ta magani da lokaci da gaskiya ba, akwai bayanin da ya wajaba ta yi.